Daga Adaka Zuwa Lebel: Tsoffin Bindigogi da Harsashin da Ya Juya Tarihin Ƙasarmu

Jawabin da aka gabatar a gaban Mai Martaba Sarki da manyan baƙi, albarkacin bikin cikar sarauta shekara ɗari

  



Kwamitin shirya wannan biki ya ɗora mini nauyin yin magana a kan tsoffin bindigogi da harsasansu. Na karɓa ba don na fi kowa sani ba, a zauren da dattawa ke zaune. Aikina a gidan rediyo isar da saƙo ne, kuma ɗan aike ba ya noƙewa in manya suka aike shi.

Wani zai ce, me ya haɗa ranar farin ciki da zancen makami? Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Shekarun da wannan sarauta ta kafu a cikinsu su ne shekarun da Faransawa suka gama ɗaure ƙasar nan: a 1922 suka mai da Nijar cikakkiyar ƙasar mulkin mallaka, a 1926 suka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai. Duk wanda ya waiwayi wannan zamani, tambaya guda ke jiransa, ita ce wadda ƴaƴanmu ke yi mana in sun taso daga lakwal: yaya aka yi ƴan ɗaruruwan soja suka ci ƙasar da ke da ganuwa, da dubban dawaki, da mazajen da ba su san gudu ba?

Ga amsar da zan kare a gabanku. Kakanninmu suna da zuciya, suna kuma da bindiga. Abin da suka rasa ɗan ƙaramin abu ne da tsawonsa bai wuce yatsa ba: harsashi mai kwanson tagulla, da ilimin da ke ƙera shi.

Zamanin adaka

Bindiga ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Tun a ƙarni na 16, Mai Idris Aloma na Borno yana da rundunar masu bindiga, da Turkawa masu koya musu harbi. A ƙarni na 19 kuwa hanya biyu take biyowa ta iso mu: ko dai a bayan raƙumi daga Tarabulus, ta Gat da Abzin, ta sauka Damagaram da Kano, ko kuwa daga bakin teku, ta ratso ƙasar Yarabawa da Nupe. Galibinta ƙirar garuruwa biyu ce na Turai, Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljik, inda ake yin ta da araha musamman don kasuwar Afirka. Ita ce muke kira adaka, ko bindigar toka.

Sunan kansa ya bayyana aikinta. Ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a tura tsumma, a jefa dalma ko gutsattsarin ƙarfe, a sa sanda a daka. Sannan a ɗan barbaɗa albarushi a ƙoƙon da ke gefe, a ja kunama, ƙanƙara ta ƙyasta ƙarfe, tartsatsi ya shiga. Duk wannan a tsaye ake yin sa, ƙirji a buɗe ga abokin gaba, kuma sai gwani ke harbi biyu ko uku a minti guda. Cikin bututunta sumul yake, saboda haka dalma na fita tana karo da bango. In ta wuce mita 70 ko 80, sai inda Allah ya kai ta. In damina ta sauka albarushi ya yi sanyi, bindiga ta zama sanda. Ba banza aka yi mata laƙabin harba-ka-ruga ba. Shi ya sa har ƙarshen ƙarnin, a wurin Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri, doki da mashi da kibiya mai dafi ba su rasa matsayinsu ba: barde cikin lifidi yana iya cim ma mai bindiga kafin ya gama ɗuri na biyu.

Amma adaka tana da wata daraja da nake roƙon ku riƙe, domin a kanta maganata ta rataya: abincinta a gida ake dafa shi. Albarushinta abu uku ne, gawayi, da wani gishiri da ake tacewa daga ƙasa, da farar wuta. Biyun farko ƙasarmu na da su, farar wuta ce ake sayowa daga arewa. In dalma ta ƙare, maƙeri ya sara ƙarfe. In wani abu ya karye, maƙerin gari ya gyara. Wanda ya mallaki adaka ya mallake ta da gaske.

Babu wanda ya gane wannan kamar Sarkin Damagaram Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda dogon mulkinsa ya kama daga 1851 zuwa 1884. Shi ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara maƙera, ya sa ana haɗa albarushi a cikin gari, ana kuma zubin igwa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ya tara bindigogi wajen 6,000 da igwa wajen 40. A ce wani sarki na wannan ƙasa ya yi tunanin ƙera makaminsa da kansa shekara 150 da suka wuce, wannan abin alfahari ne gare mu duka. To sai dai a daidai shekarun da Tanimu ke zubin igwa, can a Turai bindiga na sake kama har sau uku.

Sauyi uku cikin shekara arba'in

Sauyi na farko tsaga ce. Maƙeran Turai sun daɗe da sanin cewa in aka tsaga cikin bututu da layuka masu murɗewa, dalma za ta fita tana juyawa kamar mazari a hannun mai kaɗi: muddin yana juyawa ba ya karkata. Wahalar ita ce cusa dalma mai matsewa ta baki. A 1849 wani hafsan Faransa mai suna Minié ya fito da dalma mai rami a gindi, wadda ke shiga sakwa-sakwa, in wuta ta tashi sai ta buɗe ta kama tsagar. Daga nan nisan harbi mai saiti ya tashi daga ƙasa da mita 100 zuwa ɗaruruwan mitoci.

Sauyi na biyu shi ne ɗuri ta baya. A 1866 Faransa ta ɗauki bindigar Chassepot, mai sakata irin ta ƙofa: a ja ta baya, a sa harsashi, a tura a kulle. Amma harsashinta na takarda ne. Yaƙinsu da Jamusawa a 1870 ya tona aibinsa: takarda na jiƙewa, tokarta na toshe bindiga, robar da ke hana hayaƙi fitowa ta baya kuma na ƙonewa. Sai wani hafsa, Basile Gras, ya gyara ta, aka sami bindigar Gras ta 1874, mai harsashin tagulla, wanda ƴan mazan jiya ke kira kartushi.

Ku dubi hikimar wannan ɗan abu. Ya haɗa abu huɗu wuri guda: kwanso, da albarushi a cikinsa, da ƙwayar dalma a bakinsa, da wani ɗan ƙoƙon wuta a gindinsa wanda ke tashi in allurar bindiga ta buge shi. Ruwa ba ya shigarsa. In wuta ta tashi, tagulla na kumbura ta toshe kowace kafa, sannan ta ɗan saki a zare ta a jefar. Ƙwayar Gras kaurinta milimita 11, nauyinta giram 25, tana fita da gudun wajen mita 450 a sakan guda, ma'aunin saitinta ya kai mita 1,800. Soja na iya ɗura ta yana kwance rub-da-ciki, ya yi harbi kusan goma a minti. Ingila ta yi tata a 1871, ita ce Martini-Henry. Amurka kuma ta yi Remington, wadda Masar ta saya da yawa, daga can ta bazu cikin Sudan.

Sauyi na uku ya fi kowane nauyi. A 1884 wani masani Bafaranshe, Paul Vieille, ya haɗa albarushi marar hayaƙi. Abin mamaki, tushensa auduga ce, irin wadda muke nomawa, aka sarrafa ta da sinadarai. A kansa aka yi Lebel ta 1886, bindigar soja ta farko a duniya mai irin wannan albarushi. Ƙwayarta ta sirance zuwa milimita 8, gudunta ya wuce mita 600 a sakan, tana riƙe harsashi 8 a wani bututu da ke ƙarƙashin babban, kuma mai harba ta ba ya tona wa kansa asiri da farin hayaƙi.

Yanzu ku kwatanta. Maƙerin gari na iya gyara sakata, har ya ƙera wata. Amma kwanson tagulla inji ke jan sa daga faifan ƙarfe, mataki bayan mataki, ana gasawa ana sake ja, kowane daidai da ɗan'uwansa. Ƙoƙon wuta da albarushi marar hayaƙi kuwa aikin masana sinadarai ne. Daga wannan lokaci, duk sarkin da ya sayi sabuwar bindiga ya sa wa kansa igiya, bakinta kuma na hannun mai sayar da harsashi. Zanen aro ba ya rufe katara.

Yarjejeniyar 1890

Turawa sun san haka sarai. Ranar 2 ga Yuli 1890, a Burusel, babban birnin Beljik, ƙasashen Turai da wasu, har da daular Turkawa mai riƙe da Tarabulus, suka sa hannu a wata yarjejeniya ta hana cinikin bayi. Cinikin bayi gaskiya ne, ya kuma ci mutane a wannan ƙasa, ba abin da za mu ɓoye ba ne. Amma a cikin takardar akwai wani sashe da ya shafi makami: daga layi na 20 arewa da tsakiyar duniya zuwa layi na 22 kudu da ita, an hana sayar wa mutanen ƙasa bindiga mai tsaga, ko mai ɗuri ta baya, ko mai riƙe harsasai da yawa, da harsasansu. Abin da aka bari a kasuwa shi ne adaka mai ƙanƙara da albarushin gama-gari. Daga Agadas har Kano, dukanmu muna cikin wannan shinge.

Sarakuna uku na wancan zamani sun isa misali. Samori Ture, a ƙasashen Gini da Mali da Kodebuwa na yau, ya yi ta sayen bindigogi daga Saliyo har Ingilishi suka rufe masa ƙofa. Maƙeransa sun kai ga kwaikwayon Gras, mayaƙansa na tsince kwanson da aka harba a sake cika shi. Da wannan ya yi shekaru yana ja da Faransa, amma kwanso na tsufa ya tsage, kuma ba a haifar sabo a maƙera. Aka kama shi a 1898. Rabe, wanda ya taso daga Sudan, da ƴan dubban bindigogi da soja masu horo ya ci babbar daular Borno a 1893, ya zauna Dikwa. Ranar 22 ga Afrilu 1900 ya faɗi a Kusuri gaban rundunonin Faransa uku da suka haɗu, harsashinsu na zuwa daga masana'anta.

Na uku shi ne Menelik na Habasha. Shi ƙofarsa ba ta rufe ba: yana da hanyar Jibuti, kuma Turawa da kansu na gasar sayar masa. Ya tara bindigogi dubbai barkatai, Gras na cikinsu, har harsashin Gras ya zama kuɗin canji a kasuwannin Habasha, kamar yadda wuri yake a namu. Ranar 1 ga Maris 1896, a Adwa, ya karya rundunar Italiya. Ga Baƙar fata, ga makami daidai da na abokin gaba, ga kuma sakamako. Wannan kaɗai ya isa ya rufe bakin mai cewa jaruntaka aka fi mu.

Shekarar 1899

A watan Mayu na 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Damagaram, zamanin Sarki Amadu Kuren Daga. Shekara na zagayowa rundunar Voulet da Chanoine ta ƙetaro Kwara ta nufo gabas, da tiraye da ƴan sa-kai, da igwa, da ɗaruruwan mutane da aka tilasta wa dakon kaya. Cikin kayan nan har da akwatunan harsashi. Bindigogin Faransa na lokacin su ne waɗanda na ambata, Gras da Lebel.

Ranar 16 ga Afrilu 1899 suka auka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu. Maharban Azna suka shige sarƙaƙiya suna sakin kibau. Tarihi ya riƙe cewa a ranar rundunar ta rasa mutum 4, aka raunata 6, ta kuma ƙone harsashi wajen 7,000. Ku lura da wannan lissafi: har harsashi ake ƙidayawa tare da gawa, domin shi ne ran tafiyar. Ku kuma lura cewa inda aka hana bindiga fili, aka matso da ita kusa cikin duhuwa, nan ta fi shan wahala. A watan Mayu suka shiga Birnin Ƙonni, suka yi kisan da har yau ba a manta ba. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da gwamnatinsu ta aiko don ya tsai da shi. Cikin kwana uku sojansu suka juya suka kashe shi da Chanoine a wajen Maijirgi. Harsashi ba ya tambayar wa ya sayo shi.

Sauran rundunar ta ci gaba, a ƙarshen watan Yuli aka haɗu a Tirmini, yamma da Damagaram. Fili ne, ga dawakin Amadu Kuren Daga, ga masu adaka. Lissafin a bayyane yake. Soja 100, kowane na harbi kusan goma a minti, harsashi 1,000 ke nan, kuma yana fara cin mutum tun daga ɗaruruwan mitoci. Kibiya da adaka kuwa sai an matso ƙasa da mita 100. Tsakanin nisan nan biyu akwai wani fili da dole barde ya ratsa, lifidi da sulke kuwa kibiya aka yi su su tare. Mun saba cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A wannan fili karin maganar bai yi aiki ba. Birni ya faɗi, Sarki Amadu ya rasu a hannunsu a watan Satumba.

Abin da ya sami ƴan'uwanmu na kudu ke nan a 1903, a Kano ranar 3 ga Fabrairu, a Sakkwato ranar 15 ga Maris, a Burmi ranar 27 ga Yuli inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Can Ingilishi sun ƙara da Maxim, wadda muke kira bindiga mai ruwa: bututunta cikin rigar ruwa yake don kada ya yi zafi, tana kuma zubo harsashi kamar ruwan sama.

Sau ɗaya aka juya lissafin a ƙasar nan. A Disamba 1916 Kawusan ya iso Agadas da bindigogin zamani da igwa, waɗanda Sanusawa suka ƙwace daga Italiyawa a Fezzan. Tare da Sarkin Abzin Tagama ya tsare Faransawa cikin barikinsu kusan wata uku, sai ranar 3 ga Maris 1917 runduna daga Damagaram ta fasa ƙawanyar, aka kuma biyo da ramuwa mai muni a kan malamai da talakawan gari. Bindiga ta yi daidai da bindiga, amma bayan Kawusan ganima ce mai ƙarewa, bayan Faransawa kuwa akwai jirgin ruwa, da layin dogo da ya iso Kano tun 1911, da masana'antu masu aiki dare da rana.

A kafaɗar kakanninmu

Bayan haka bindigar nan ta koma kafaɗar ƴaƴan ƙasa, amma cikin kakin wani. A 1907 Faransa ta fito da wata doguwar Berthier musamman don tiraye Baƙar fata, mai ɗaukar harsashi 3 a ɗaure guda, irin na Lebel. Da aka shiga yaƙin 1914 aka ga ta fi Lebel saurin ɗuri, sai aka bazu da ita ga sauran soja, a 1916 aka ƙara ta zuwa harsashi 5. Kimanin mutum 200,000 aka ɗiba daga Afirka ta Yamma a wannan yaƙi, wajen 30,000 ba su dawo ba. A 1936 aka ɗauki MAS 36, mai harsashi 5 na milimita 7.5, da ita aka je yaƙin duniya na biyu, da Indoshin, da Aljeriya, ƙasashe da dama kuma suka gaje ta bayan ƴancin kai na 1960. Ƴan mazan jiya da ke zaune a nan sun fi ni sanin nauyinta.

Sirrin saiti

A kan sakatar MAS 36 ɗin nan Faransa ta gina FR F1 a 1966, bindigar gwanayen harbi mai madubin hangen nesa. Wannan ya kawo mu ga reshe na ƙarshe, wato bindigar gasa. Tun 1860, a Wimbledon ta Ingila, Sarauniya Victoria ta buɗe gasar harbi da bindigar Whitworth, wadda aka kafe aka saita mata. Ta ja igiya, ƙwaya ta sauka a tsakiyar allo daga nisan yadi 400. Harbin allo na cikin wasannin Olamfik tun 1896. Har yau mutanen Suwis na gasa a nisan mita 300 da tsohuwar K31 ta soja da harsashinta na 1911. Suwidin kuma ta mai da tsoffin Mauser nata masu milimita 6.5 bindigogin gasa. A wannan nisa na mita 300, da'irar da ke ba da maki 10 faɗinta santimita 10 ne, kamar tafin hannu.

Me ke sa a sami tafin hannu daga mita 300, a sake, a kuma sake? Bututu mai kyau da natsuwar maharbi suna da rabonsu. Amma babban sirri shi ne kowane harsashi ya zama tagwayen na gabansa: nauyin ƙwaya ɗaya, awon albarushi ɗaya, tsawon kwanso ɗaya. In albarushi ya ɗan ragu, gudu ya ragu, ƙwaya ta sauka ƙasa da inda aka nufa. Saiti ɗan awo ne, awo kuwa ɗan makaranta ne. Abin da ya ci Tirmini ke nan: ma'auni, da lissafi, da haƙurin yin abu guda sau dubu ba tare da ya bambanta ba.

Abin da ya rage a wuyanmu

Mai Martaba, Allah ya ba ka nasara, a fadodinmu da tsoffin gidajenmu akwai sauran waɗannan bindigogi, wasu a rataye a zaure, wasu a ƙarƙashin gado, tsatsa da gara na cin su, dillalan kayan tarihi kuma na zagayawa da ƴan kuɗi kaɗan. Ina da roƙo huɗu.

Na farko, a ƙidaya su a rubuta. Kowace bindigar sojan Faransa na ɗauke da takardar haihuwarta a jikinta: sunan masana'anta, Saint-Étienne ko Châtellerault ko Tulle; shekarar samfuri, kamar Mle 1874 ko Mle 1886; da lamba. In ka ga Mle 1866-74, to Chassepot ce aka mai da ita Gras. Ɗan lise guda da littafi da alƙalami ya isa wannan aiki, a haɗa da hoto da sunan gidan da ta fito.

Na biyu, a kiyaye su, a kuma kiyaye kai. Kada a goge su da yashi ko takardar guga, rubutun ke tafiya. Ɗan mai da tsumma da wuri marar laima sun wadatar. A ɗauki kowace tsohuwar bindiga a matsayin ɗurarriya, domin albarushi na iya shekara ɗari bai mutu ba. Kada a kuskura a zuba wa tsohon bututu albarushin zamani, zai tsage a hannun mai shi. Tsohon harsashi kuwa ba abin wasan yara ba ne, a miƙa shi ga hukuma. Tun 1994 ƙasar nan na da hukumar tattarawa da sa ido a kan makaman da ba sa bisa ƙa'ida. Fada ta haɗa kai da jami'an tsaro a san abin da yake na tarihi, a ajiye shi bisa doka a ɗakin da jama'a za su gani, tare da neman shawarar gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai.

Na uku, a ɗauki muryar dattawa tun suna tare da mu. Bindigar da ba a san labarinta ba ƙarfe ce kawai. Wa ya riƙe ta, a wane yaƙi, ganima ce ko kyauta? Ƙofar rediyo a buɗe take ga wannan aiki.

Na huɗu ya fi sauran nauyi. Kalmar ƴan bindiga a da suna ne na girma: bayin sarki ne masu gaisuwa da adaka ranar hawan Salla, ƙararsu alamar murna. Yau in mun karanta ta a labaru, gaban uwa faɗuwa yake, domin ta koma sunan masu tare hanya da satar mutane da shanu. Bindigar da ke hannunsu ba a nan aka ƙera ta ba, harsashinta ma haka. Wani ya sayar, wani ya yi dako, wani ya gani ya yi shiru. Sarakuna da masu gari sun san hanyoyin dajinsu, kuma in aka yanke harsashi bindiga ta zama sanda. Mun ga an ƙone makamai a Agadas ranar 25 ga Satumba 2000 don tabbatar da sulhu. Abin da ya yiwu a lokacin zai yiwu kuma. Darasin Tanimu kuwa a kai shi makarantun fasaha da na sana'a: yaron da ya iya awo da lissafi shi zai ƙera mana famfo da garma da injin ban-ruwa, mu daina zaman jiran abin da wani ya ga damar sayar mana.

Allah ya jiƙan magabatanmu, waɗanda suka faɗi a Lugu da Ƙonni da Tirmini da Agadas, da waɗanda aka binne a ƙasashen da ba su san sunansu ba. Allah ya jiƙan sarakunan da suka riƙe wannan gida shekara ɗari, ya ƙara wa Mai Martaba lafiya da adalci da mashawarta na gari. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Nijar da maƙwabtanta lafiya, ya mai da kowa gidansa cikin aminci.